Yadda ake zaɓe da haɗa kajin gado har su cika ƙa'idar irinsu

Ka ajiye kaji biyu a gabanka, dukansu an sayar da su da sunan Rhode Island Red. Ɗaya doguwa ce, bayanta a miƙe, ƙirjinta cike, jikinta kamar an yanka bulo, gashinta ja mai duhu har yana sheƙi. Ɗayar kuma siririya ce, jan nata ya koɗe ya koma ruwan ƙasa, in ka ɗaga ta sai ka ji shafal. Suna ɗaya, amma ta farkon ce kaɗai ta gaji iyayenta. Abin da ya raba su shi ne zaɓe: shekara da shekaru wani ya zauna yana tantance wace kaza za ta bar baya, wace ce ba za ta bari ba. Da zarar an daina wannan aikin, iri yakan fara lalacewa cikin 'yan zuriyoyi kaɗan, ko da ba a gauraya shi da wani ba.

Kajin gado su ne tsofaffin irin da aka kafa tun kafin zuwan kajin kamfani na zamani. Ƙungiyar Livestock Conservancy ta Amurka ta gindaya musu sharuɗɗa: su kasance irin da aka amince da shi tun kafin tsakiyar ƙarni na 20, su hayayyafa ta hanyar barbara irin ta halitta, su daɗe suna amfani a fili (kaza shekara 5 zuwa 7, zakara 3 zuwa 5), kuma su girma a hankali, kada su kai yanka ƙasa da mako 16. Kwatanta wannan da burola da ke kai wa kasuwa a mako 6 ko 7, za ka gane cewa kiwon nan na masu haƙuri ne.

Mataki na farko: iri ɗaya, launi ɗaya

Kuskuren da ya fi kama sabon shiga shi ne kwaɗayin tara iri-iri. Yana son Orpington, yana son Wyandotte, ga Brahma ta burge shi. Ƙarshenta sai ya tashi da kaji bibbiyu daga kowane iri, ba shi da inda zai yi zaɓe. Gyaran iri yana bukatar yawa. In kana da wurin renon 'yan tsaki 60 a shekara, gara duka 60 ɗin su zama iri ɗaya da launi ɗaya, domin daga cikinsu ne za ka tsamo biyar ko shida da suka cancanta. In kai sabo ne, shawarata ka fara da launi guda tsantsa, fari ko baƙi. Launuka masu zane, irin na Silver Laced Wyandotte da kowane gashi yake da baƙin da'ira a bakinsa, suna ƙara maka wani aiki a kan wanda kake da shi.

Mataki na biyu: karanta ƙa'idar har ta zauna maka

Kowane iri yana da rubutacciyar ƙa'ida da ke bayyana siffarsa daga baki har wutsiya. A Amurka, ƙungiyar American Poultry Association, wadda aka kafa a 1873, ta fitar da littafin ƙa'idojinta na farko a 1874, wanda yau ake kira American Standard of Perfection. A Birtaniya kuwa Poultry Club of Great Britain, da aka kafa a 1877, ita ke kula da nasu. Ƙa'idojin biyu sukan saɓa a kan iri ɗaya, a nauyi ko a siffa, don haka ka tsayar da wadda za ka bi tun farko, kada ka riƙa ɗebo nan kana ɗebo can.

Abubuwa uku za ka fitar daga ciki ka rubuta a shafin farko na littafinka. Na farko nauyi. A ƙa'idar Amurka, misali, babban zakaran Plymouth Rock fam 9.5 ne, wato kusan kilo 4.3, kaza kuma fam 7.5, kusan kilo 3.4. Zakaran Rhode Island Red fam 8.5 ne, kazar fam 6.5. Na biyu siffar jiki: tsawon baya, zurfin ƙirji, tsayuwar wutsiya. Na uku aibobin da ke fitar da kaza daga lissafi gaba ɗaya.

Kada ka ɗauki ƙa'idar a matsayin kwalliya kawai. Waɗanda suka rubuta ta manoma ne masu neman ƙwai da nama. Da suka ce bayan kaza ya zama mai tsawo da faɗi, wurin kayan ciki da mahaifar ƙwai suke nema. Da suka ce ƙirji mai zurfi, nama da wurin zuciya da huhu suke nufi. Wanda ya fahimci dalilin kowace magana a ciki ba zai ruɗu da kyan gashi ba.

Mataki na uku: samo iri daga hannun mai zaɓe

Nemi wanda ya shekara da shekaru a kan iri ɗaya, yana kuma iya gaya maka aibin kajinsa da bakinsa. Wanda ya ce nasa ba su da aibi, ko dai bai san su ba ne, ko kuma ciniki kawai yake yi. Mafi alheri ka sayi manya ko waɗanda suka tasa, zakara ɗaya da kaji biyu ko uku, domin abin da ka gani shi ka saya. Ƙwai da 'yan tsaki sun fi sauƙin samu, amma sai bayan wata shida za ka san abin da ke hannunka.

Ka tsaya a kan gida ɗaya da farko. Haɗa zuriyar wannan mai kiwo da ta wancan yakan tono aibobin da kowannensu ya sha wahala kafin ya binne. Sabbin da ka kawo kuma ka ware su kamar wata guda, nesa da sauran, da kwanon abinci da na ruwa nasu daban. Wasu cututtuka, irin su pullorum da mycoplasma, suna bi ta cikin ƙwai su shiga 'yan tsaki, saboda haka uwa mai ɗauke da su za ta ɓata maka zuriya tun kafin a ƙyanƙyashe ta.

Mataki na huɗu: zaɓe, wanda shi ne aikin gaba ɗaya

Zaɓe ba rana ɗaya ake yin sa ba, kuma yana da tsari. Lafiya da kuzari ne farko, sai siffar jiki da nauyi, sai amfani, sai zanko da ƙafa, launi ne na ƙarshe. Wanda ya juya tsarin ya fara da launi, bayan 'yan shekaru zai tarar da kaji masu kyan gashi da ba su da jiki, ba sa ƙwai, zakarunsu ba sa hawa.

Ranar ƙyanƙyasa ka duba kowane tsako. Mai karkataccen baki, mai lanƙwasassun yatsu, wanda cibiyarsa ba ta rufe ba, wanda ya kasa tsayuwa, duk ka yi musu alama, ba za su shiga layin haihuwa ba. Ƙirga yatsu: yawancin iri huɗu ne, amma Dorking da Faverolles da Silkie biyar ne. Abu guda da zan ja hankalinka a kai: in ka ga lanƙwasar yatsu ta yi yawa a ƙyanƙyasa ɗaya, binciki zafin injin ƙyanƙyasarka da abincin iyaye tukuna, domin matsalar zafi da ƙarancin sinadarin ribofilabin, wato bitamin B2, suna kawo haka ba tare da laifin gado ba.

A mako 8 ka ɗora kowanne a kan sikeli ka rubuta. Ka maimaita a mako 16. Kwatanta maza da maza, mata da mata, kuma 'yan ƙyanƙyasa ɗaya da junansu. Waɗanda suke baya a awo biyun nan da wuya su kamo. Lura kuma da wanda ya yi saurin fitar da gashi da wanda bayansa ya daɗe a tsiraice.

Daga wata biyar zuwa shida ne za ka fara babban zaɓe, kuma a nan hannu ya fi ido. Gashi yana ɓoye abubuwa da yawa, musamman a iri mai laushin gashi kamar Orpington, inda kaza ƙarama takan yi kama da babba. Ɗauki kazar ka ɗora ƙirjinta a tafin hannunka, kanta yana fuskantar gwiwar hannunka, ƙafafunta a tsakanin yatsunka. Da ɗaya hannun sai ka bi ta kamar haka.

Fara da kai: mai faɗi, ido cike yana walƙiya, baki gajere mai ƙarfi. Dogon kai siriri kamar na hankaka alamar rauni ne. Sa hannu a bayan fukafukai ka ji kaurin jiki a wurin. Ja tafin hannunka daga kafaɗa har gindin wutsiya, ka ji ko faɗin bayan ya ɗore ko ya tsuke tun a tsakiya. Bayan da ya tsuke shi ne aibin da na fi ƙi, domin yana da wuyar gyara, yana kuma tafiya da matsattsiyar wutsiya. Juyo ƙasa ka bi ƙashin ƙirji da yatsa: ya zama dogo, a miƙe, da tsoka ta kowane gefe. Daga nan sai ka laluba ƙasusuwan ƙugu guda biyu da ke gefen dubura. A kazar da ke ƙwai sosai, yatsu uku sukan shiga tsakaninsu, kuma daga su zuwa ƙarshen ƙashin ƙirji yatsu huɗu ko kusa da haka, cikin kuma ya yi laushi. Ciki mai tauri kitse ne. Wannan awon sai kazar ta fara ƙwai yake da ma'ana, don haka kada ka yanke wa sagara hukunci da shi.

Buɗe fiffike ɗaya bayan ɗaya. In akwai giɓi a tsakiya, tsakanin manyan gashin waje da na ciki, wato rababben fiffike, aibi ne da ake gado. Amma ka tabbata ba zubar da gashi take yi ba. Sai ka sauke ta ka ja da baya, ka kalle ta tana tafiya: ƙafafu a ware, gwiwoyi ba sa gugar juna, wutsiya ba ta karkata gefe ba, ba ta kuma tuntsuro kan baya ba.

Yanzu ne za ka kalli zanko. Plymouth Rock da Leghorn zanko ɗaya suke da shi, wato falle guda kamar bakin zarto, mai tsini biyar. Tsini shida ƙaramin aibi ne, ana iya haƙuri da shi a jikin zakara mai kyan gini. Amma ɗan tsiron da ke fitowa a gefen zankon, wannan fitarwa ce kai tsaye, kuma yana bin zuriya da naci. Haka ma ɗan gashin da ke tsirowa a sangali ko tsakanin yatsu a irin da ƙafarsa ya kamata ta zama fes. Duba launin fatar kunne, ja a Plymouth Rock, fari a Leghorn. Game da launin ƙafa, ka sani cewa kaza mai rawayar ƙafa da ta daɗe tana ƙwai launin yakan koɗe, domin sinadarin yana tafiya cikin gwaiduwa. Wannan shaida ce a gare ta. Wadda ƙafarta ke nan rawaya shar a ƙarshen lokacin ƙwai ita ce abar tuhuma.

Hali ma abin zaɓe ne. Zakaran da ke kai wa mutane hari ko yake ji wa kaji ciwo, kada ka haɗa shi komai kyansa.

A ƙarshe kamar ɗaya cikin goma za ka riƙe, a maza ma ƙasa da haka, tunda zakara ɗaya shi ne rabin gadon duk 'yan tsakin da za a samu a ɗakinsa. Sauran ba asara ba ne: matan su ci gaba da yi maka ƙwai, mazan a ci ko a sayar, sai dai kada ka sayar da mai aibi da sunan na iri. Kuma ka ajiye zakara na biyu a gefe. Mutuwar zakara guda a tsakiyar lokacin haɗi ta sha rushe aikin shekaru.

Mataki na biyar: wa za a haɗa da wa

Babu kaza marar aibi, don haka dokar ita ce kada ka haɗa biyu masu aibi iri ɗaya. In zakaranka yana da ɗan gajeren baya, ba shi kaji masu bayan da ya cika ƙa'ida. Kada ka nemi gyara da kishiyar aibin, wato ka haɗa mai wutsiya a sama ƙwarai da mai wutsiya a ƙasa ƙwarai kana fatan tsaka-tsaki. Abin da za ka samu shi ne aibi biyu suna yawo a garkenka. Kuma kowace shekara ka sa abu ɗaya ko biyu a gaba, misali bana nauyi da faɗin baya, baɗi wutsiya.

Sanin ɗan abu game da gado yana rage ɓata lokaci. Zanko mai faɗi da ƙananan ƙuraje, irin na Wyandotte da Dominique, yana rinjayar zanko ɗaya. Saboda haka iyaye biyu masu shi za su iya ɓoye ɗaya nau'in, kwatsam ka ga tsako mai zanko ɗaya. Wannan na nufin uwa da uba duka suna ɗauke da shi. Launin shuɗi-shuɗi irin na Andalusian ba ya tsayawa: in ka haɗa biyu masu shi, kusan rabin 'ya'yan ne za su ɗauko shi, kwata su fito baƙaƙe, kwata kuma farare masu ɗigo-ɗigo. Babu laifin kowa a nan, haka gadon yake. Zanen ratsi-ratsi na Barred Plymouth Rock kuwa yana bin jinsi: zakara yana ɗauke da ƙwayar gadon sau biyu, kaza sau ɗaya, shi ya sa mazan suka fi haske, matan suka fi duhu.

Sai batun dangantaka. Ba a kafa iri sai da haɗa dangi, amma in aka matsa, ƙyanƙyasa takan ragu, jiki ya ƙanƙance. Hanyar da ta fi dacewa da mai ƙaramin garke ita ce ta gida uku. Raba kajinka gida uku, kowane da launin zobensa, a ce ja, kore da fari. Duk tsakon da aka ƙyanƙyashe ɗan gidan uwarsa ne. Mata ba sa barin gidansu har abada. Maza kuwa in lokacin haɗi ya zo sai su matsa gida na gaba: na ja ya je kore, na kore ya je fari, na fari ya dawo ja. Da haka za ka yi shekaru masu yawa ba ka nemi baƙon jini ba, ba ka kuma haɗa wa da ƙanwa ba. Wanda ba shi da wurin gida uku yakan bi wata hanya: tsohon zakara a kan sagaru, matashin zakara a kan tsofaffin kaji. In ranar kawo baƙon jini ta zo, kawo shi ta hannun mace, ka haɗa ta a ɗaki daban, ka ga 'ya'yanta da jikokinta kafin ka bar su su shiga sauran.

Ina fifita ƙyanƙyasa daga kaji masu shekara biyu zuwa sama. Wadda ta kai haka da lafiyarta, ta zubar da gashi ta mayar da mai kyau, tana kuma ci gaba da ƙwai, ta riga ta nuna abin da sagara ke alkawari kawai.

Mataki na shida: ɗakin haɗi da ƙwai

Kaza tana ajiye maniyyin zakara a jikinta mako biyu zuwa uku. In ta yi cuɗanya da wasu zakaru, ware ta da wanda ka zaɓa, ka jira aƙalla mako uku, huɗu ya fi tabbas, kafin ka fara tara ƙwai. Zakara ɗaya yana iya ɗaukar kaji takwas zuwa goma, amma don sanin wace ce ta haifi wane, biyu ko uku sun fi, ko ma ɗaya da ɗaya. Fara ba su abincin iyaye mai furotin kashi 16 zuwa 18 cikin ɗari da isassun bitamin kamar wata guda kafin tarawa.

Ƙwai ma ana zaɓensa. Ɗauki mai girma da siffa da launin da ya dace da irin, mai tsabta, ba mai siririn ɓawo ba. Rubuta lambar ɗaki da kwanan wata da fensir, ka ajiye shi tsinin yana ƙasa, a wuri mai sanyi-sanyi, digiri 13 zuwa 16 a ma'aunin Celsius. Kada ya wuce kwana 7, in ya yi yawa 10. A inji mai fanka, zafi digiri 37.5 ne, laima kashi 50 zuwa 55, ana juya ƙwan aƙalla sau uku a rana. Haska shi a kwana na 7 zuwa 10 ka cire wanda ba shi da ɗa, ka kuma rubuta adadin, domin shi ne zai gaya maka ko zakaran yana aikinsa. A kwana na 18 a daina juyawa, a ɗaga laima zuwa 65 ko 70, sai a jira kwana na 21. A ranar 18 ɗin ka sa ƙwan kowane gida cikin 'yar ragarsa daban, in ba haka ba suna fitowa za su cakuɗe. Tsakon da sai da ka ɓare masa ɓawo ya fito, rene shi in kana so, amma kada ya zama uba ko uwa. In kuwa irin naka an san shi da kwanci da reno, bar wasu kajin su yi, don kada halin ya ɓace.

Mataki na bakwai: alama da littafi

Kafin tsako ya bar inji a yi masa alama, ko ƙaramin huji a fatar tsakanin yatsu, ko lamba a fiffike. Zoben ƙafa yana da kyau, amma a riƙa sauya shi yayin da ƙafar ke kauri, kada ya nutse cikin nama. A littafi ka rubuta uba, uwa, ranar ƙyanƙyasa, nauyin mako 8 da 16 da na girma, ranar fara ƙwai, da aibin da ka gani. Ɗauki hoton kowane daga gefe, a tsayi ɗaya da shi, kowace shekara. Da wannan ne za ka gano zakaran da shi kansa ba wani abin kallo ba ne amma 'ya'yansa mata sun fi na kowa, irin wanda ake riƙewa har tsufa.

In akwai baje kolin kaji da za ka iya zuwa, kai biyu ko uku daga cikin naka, ka tsaya har alƙalin ya gama, ka roƙe shi ya riƙe kazarka ya gaya maka abin da hannunsa ya ji. Idon mai kaza yakan saba da aibin da yake gani kullum. Abin da ya faɗa ka rubuta shi a shafin shekara mai zuwa, waɗanda ka dawo da su kuma su yi zaman keɓewa kafin su koma cikin garke.